Dabbobi Uku a Gindin Bango

Ran da abin ya fara, yamma ce irin ta kullum. Magini ya dawo daga aiki, ya wanke ƙurar siminti a bakin famfo, ya zauna a kan bencinsa na tsakar gida yana jiran kiran magariba. Matarsa tana kwashe wanki daga igiya. Yayarsa, wadda duk gidan ke kira Gwaggo, ta cika ɗan kwanon silba da ruwa ta kai gindin bangon baya ta ajiye, kamar yadda take yi kowace yamma tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta da zama. Ba wanda ya san ruwan na wane ne. In an tsokane ta sai ta ce na duk mai ƙishi ne, kuma kullum da safe a bushe ake samun kwanon.

Abu biyu magini yake taƙama da su a duniya. Na farko hannunsa, don ba ya iya ganin tsaga a bango ya wuce, ko da bangon ba nasa ba ne. Na biyu wani tsohon littafin fassarar mafarki da ya gada wajen mahaifinsu, marfinsa ya yage har an ɗaure shi da zare. Mutanen layin kan zo masa da mafarkansu, ba ya karɓar ko sisi, jin daɗinsa kawai a ce ya sani. Aibinsa ɗaya ne, kuma duk layin an san shi da shi: kafin mutum ya kai ƙarshen mafarkinsa, shi ya kai ƙarshen fassara. Sunan dabba kawai yake jira ya ji, sauran zancen a wajensa ƙura ce.

Kwana ɗaya kafin wannan yammar, ya dawo da ragowar siminti daga wajen aiki. A gindin bangon baya akwai wata tsohuwar rariya da ruwa ya daina bi, don tun da maƙwabci ya yi gini ya tare ta daga waje, ta zama ɗan kogo mai baki ɗaya. Ya daɗe yana hararar ramin nan. Ya kwaɓa simintinsa a ƙasa, ya yi bisimilla, ya toshe shi ya shafe sumul. Gwaggo ta ce masa, "Da ka bar ramin nan, bai tare wa kowa hanya ba." Ya yi dariya ya ce ai gidan magini ba a barinsa da huda.

To, a wannan yammar ne Auta ta fito daga ɗaki ta durƙusa kusa da bencin. Shekararta goma sha bakwai, ita kaɗai ta rage a gaban iyayenta, tana jiran sakamakon jarrabawa.

"Baba, na yi mafarki jiya."

"Madalla. Wace dabba ce?"

"Kurciya ce. Tana tsaye a gindin bangon can, wajen kwanon Gwaggo, tana ta saran bangon da baki, tana juyowa tana kallona, sai ta..."

"Tsaya nan," in ji shi, ya riga ya jawo littafin. "Kurciya albishir ce. Kin ci jarrabawarki, ki sa ranki a inuwa."

"Amma Baba, bakinta har jini yake yi."

"Wannan tarkacen barci ne. Dabbar ita ce magana."

Bai rufe baki ba wani abu ya faɗo a kan buɗaɗɗen littafin, tim. Ɗan dutse ne mai ruwan toka, bai fi kan babban yatsa ba. Bai zo ta kan katanga ba, daga sama ya sauko a miƙe, kamar an saki daga hannu. Magini ya ɗaga kai, babu komai sai sararin da ya fara yin ja. Ya leƙa waje don ya kama yaran layi, ya tarar da layin shiru, kowa ya shige. Da ya dawo, Gwaggo tana tsaye tana kallon bangon baya.

Daga ranar, jifa ta zama abokiyar magariba a gidan. Da rana lafiya lau. Amma da zarar inuwar katanga ta rufe famfo, sai a ji na farko a kan kwanon rufi, sannan na biyu, sannan su yi ta zuba kamar farkon ruwan sama. Ba su taɓa samun mutum ba. Kusa da ƙafa suke faɗuwa, ko cikin kofin shayi, ko a kan benci, kuma mafi yawa inda magini yake. Bayan jifar sai wani siririn kuka ya biyo, wanda ba ka iya cewa na jarirai ne ko na 'ya'yan dabba, ba ka kuma iya nuna inda yake fitowa. Matar gidan ta daina girki a tsakar gida. Maƙwabta suka fara gaishe su daga nesa. Masu kawo mafarki ma suka ɗauke ƙafa, wannan kuwa ya fi jifar yi wa magini ciwo.

A kwana na biyar Auta ta sake durƙusawa gabansa. Idanunta sun faɗa, don ta fara tsoron kwanciya.

"Kyanwa ce yau, Baba. Nononta a cike, har yana ɗiga. A wurin nan dai, gindin bango. Tana ta yaƙusar..."

Ya ɗaga mata hannu. Fuskarsa ta canza, don ya san shafin ba sai ya buɗe ba. Kyanwa ɓarawo ce, kuma ba ɓarawon waje ba, na cikin gida, wanda ake ci da shi a kwano ɗaya. Ya faɗi haka a hankali, yana duban ƙasa. Gidan kuwa mutum huɗu ne kacal. In ka cire shi, ka cire matarsa, ka cire yarinyar da ta yi mafarkin, ba sai an yi lissafi mai nisa ba.

Abin takaici, zargi ba ya rasa abin kamawa. Aka tuna da wani almakashi da ya ɓace tun bara. Aka tuna da zoben matar gida wanda kowa ya san a wajen wanki ya sulale. Ba wanda ya ambaci sunan Gwaggo, amma aka fara kulle akwati, ita kuma ba yarinya ba ce, ta ji ƙarar makullin. Da daddare ta kira Auta ɗakinta, ta ce ta ba ta mafarkin tun daga farko har ƙarshe, kada ta tsallake komai. Ita Gwaggo ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa ba. Ta saurara kawai, tana gyaɗa kai, har yarinyar ta gama.

Washegari ta sami ƙanenta yana ɗaura takalmi.

"Ka ji mafarkin yarinyar nan kuwa? Sau biyu ke nan wuri ɗaya take gani."

"Yaya, wurin ba shi ne magana ba."

"Ni dai da za ka fasa simintin nan..."

"In fasa aikina saboda me? Ki bar wa masu littafi abin da yake na littafi."

A kwana na takwas maciji ya zo. Auta ta farka daga ɗan barcin rana da ihu, ta fito tana kakkaɓe jikinta. Baƙi ne, ta ce, ya naɗe kwanon ruwa, yana dukan bangon da kansa har bangon yana amsawa, sannan ya juyo ya fasa kai yana kallon ƙofar ɗakin Baba. Magini ya dawo aka faɗa masa. Ya zauna ya buɗe littafin, ko da yake ya san abin da zai gani. Maciji maƙiyi ne. In a cikin gida aka gan shi, to maƙiyin na jini ne.

A daidai wannan lokacin, ana tsakiyar jifa, ya ji wani sauti daban daga bayan gida, ƙaras, ƙaras. Ya zagaya. Gwaggo ce durƙushe a gindin bango cikin duhun magariba, da wuƙar kicin a hannunta, tana ƙwaƙular simintin, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai rarrashin yaro. Kwanon ruwa na gefenta.

Duk wanda ya cika kansa da kyanwa da maciji, abu ɗaya zai gani a nan, kuma shi magini ya gani.

"Ashe ke ce! Me kike binnewa a gidana?"

"Binnewa? Tonowa nake yi. Kai, saurara, ka kasa kunne a nan..."

"Shekara shida kina ajiye wa mutanen ɓoye ruwa, ina cewa tausayi ne! 'Yata za ki ba su?"

Gwaggo ta miƙe da ƙyar, tana dafa bango. Ita ta goya shi lokacin da mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, ita ta yi wa Auta wankan farko. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ajiye wuƙar a kan bakin famfo, ta shiga ɗaki ta ƙulle 'yan kayanta a zani. Auta ta riƙe mata ƙafa tana kuka, uban ya daka mata tsawa. Da Gwaggo ta fita, ya sa ƙafa ya yi ƙwallo da kwanon silba, sannan ya kwaɓa sabon siminti ya cike ɗan abin da wuƙar ta ƙwaƙule, ya ƙara masa kauri.

Jifa ta tsaya cak a daren. Magini ya ce, "Kun gani ko?" Ya yi barcin da ya kwana biyu bai yi ba.

Da safe Auta ta ɗauki kofi za ta sha ruwa, ruwan ya ƙi wucewa. Ta kurɓa, ya dawo ta hanci. Ta sake, ya dawo. Ba ciwo take ji ba, ta ce, kamar dai an shafe maƙogwaron ne daga ciki. Uwar ta gwada cokali, ta gwada auduga tana ɗiga mata a harshe, ko ɗigo bai sauka ba. Suka kai ta asibiti. Likita ya haska, ya duba, ya ce shi bai ga abin da ya toshe ba, ya sa mata ƙarin ruwa ta jijiya. Leda biyu suka shiga, ta uku ta tsaya, aka canza hannu, aka canza allura, ruwan ya tsaya a cikin roba ya ƙi motsi. Likitan ya yi iya yinsa. A rana ta uku leɓɓanta sun tsage, harshenta ya yi fari, ba ta iya kuka don babu hawayen. Idonta kawai ke bin duk wanda ya wuce da kofi.

Magini ya zauna a bakin gadon yana ta juya shafuka, yana neman inda aka yi maganar ƙishirwa. Matarsa, wadda shekara ashirin da biyar ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ta fizge littafin ta jefar ƙarƙashin gado.

"Yarinyata tana mutuwa kana karatu! Wallahi ko ka tashi ka nemo wanda ya fi ka sani, ko ni in fita in nemo, in ya so kada in dawo."

Akwai wani tsohon malami a can ƙarshen gari da aka sani da irin wannan aiki. Magini ya daɗe yana yi masa kallon wanda bai iya fassara ba, don an ce in ka kai masa mafarki sai ya yi ta tambayarka har ka gaji, a ƙarshe ma sau da yawa ya ce Allah ne masani. Wajensa magini ya tafi, ba hula, takalmi wari da wari. Malam ya ce a mayar da yarinyar gida, inda abin ya same ta, zai zo bayan la'asar.

Ya zo da buta da carbi, ba wani tarkace. Ɗan gajeren tsoho ne mai sanyin murya. Aka shimfiɗa Auta a tabarma a tsakar gida, kanta a cinyar uwarta. Malam bai fara da karatu ba. Ya ce wa uwar ta ba shi mafarkan, ta ba shi yadda ta ji su. Magini ya sa baki ya ce kurciya albishir ce, Malam ya ce, "Ban tambayi ma'ana ba tukuna. A ina ta tsaya?" Aka nuna masa. Ya tambayi kyanwar, aka nuna wuri ɗaya. Ya tambayi macijin, uwar ta nuna, hannunta ya tsaya a sama bai sauko ba.

Malam ya sunkuya ya tsinci ɗaya daga cikin duwatsun da aka share aka tara a lungu, ya miƙa wa magini.

"Kai ne mai sana'ar. Wannan wane irin dutse ne?"

Magini ya juya shi, ya murza da yatsa. Ba dutse ba ne. Busasshen kwaɓi ne, siminti da yawa yashi kaɗan, irin haɗin da ba wanda ke yi a garin sai shi, don abokan aikinsa har tsiya suke yi masa a kan ɓarnar siminti. Ragowar da ta bushe a ƙasa ce, inda ya kwaɓa ran da ya toshe rariya. Kwana takwas ana jifansa da aikin hannunsa bai duba ba.

Inuwar katanga ta rufe famfo. Malam ya zauna ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya. Tsakar gidan ta yi tsit, har kukan tsuntsayen yamma ya ɗauke. Can Auta, wadda tun safe ba ta iya ɗaga kai, ta tashi zaune a miƙe kamar an ja ta da igiya. Idanunta a rufe. Bakin nan da ya tsage ya buɗe, muryar wata mace ta fito, babba, a dishe, muryar wadda ta daɗe tana kira.

"Ya isa, Malam. Daina ƙona ni. Na fi ku son a yi magana. Kwana goma sha biyu ina magana a gidan nan."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Na riga shi zama a nan. A kaina aka yi ginin, ban ce komai ba."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Ita ce mai barci da zuciya a buɗe. Shi in ya kwanta, bulo ne."

"To me kike nema?"

Kan Auta ya juya a hankali wajen ubanta, idanun har yanzu a rufe.

"Na fita da hantsi neman abin da za su ci. Na dawo na tarar an shafe min ƙofa, 'ya'yana a ciki. Da sunan Allah ya rufe, Malam, ka san abin da aka rufe da wannan suna ba ma iya buɗewa. Ban yi fushi ba, na ce kuskure ne, bai sani ba, bari in faɗa masa. Na zo a kurciya, don na ga kuna tausayin kurciya. Na sari bangon har bakina ya fashe. Ya ce jarrabawa. Na ce to, bari in zo yadda ko jariri zai gane, na zo a kyanwa mai shayarwa. Ya ce ɓarauniya. Na zo a maciji don raina ya ɓaci. Sai ya kori mutum ɗaya tak da ta ji ni, ya ƙara wa ƙofar kauri, ya zubar da ruwan da nake jiƙa bangon da shi suna lasa daga ciki."

Ba wanda ya motsa. Uwar ta toshe bakinta da mayafi.

"Su nawa ne?" in ji Malam.

"Uku ne." Muryar ta tsaya. "Tun shekaranjiya kukan biyu kawai nake ji."

Magini ya durƙusa a gaban tabarmar.

"Ɗaya da ɗaya," in ji muryar. "Nawa ya tafi da ƙishi. 'Yarsa za ta bi shi da ƙishi. Ban ƙara ba, ban rage ba."

"Wannan kam ba za a yi ba," in ji Malam, muryarsa ba ta canza ba. "An zalunce ki, ban musa ba, kuma zan faɗa a gaban kowa. Amma da bakinki kika ce yarinyar ba ta yi miki komai ba. In kin ɗauki ranta, kin zama abin da littafinsa ya ce. Kuma ki duba rana. Muna nan muna ciniki, biyun da suka rage suna bayan siminti. Kina so gobe ki ce ɗaya kike ji?"

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Auta, ba kuka ba, ba gurnani ba. Magini ya ja gwiwa ya matso, ya miƙa hannunsa na dama.

"Ga hannun da ya toshe. Ki shanye shi, ki karya shi, kada ya sake riƙe cokalin gini. Ki bar min yarinyata ta sha ruwa. Don Allah. Don Allah."

"Me zan yi da hannunka? Hannun kuskure ya yi, na yafe masa tun ranar. Bakinka ne ya kashe min ɗa."

Malam ya ce ta faɗi abin da za a iya, ban da jini, ban da rai. An fara jin kiran salla daga nesa lokacin da ta faɗi sharuɗɗa biyu. Bakin nan kada ya sake fassara wa wani mahaluki mafarki har ya koma ga Allah. Ƙofar kuma ba shi zai buɗe ba, don 'ya'yanta sun san warinsa, in suka ji shi za su ƙara shigewa ciki. Tsohuwar nan mai kwano kaɗai suka sani, takunta suke jira kowace yamma. Malam ya ce shi ma yana da nasa: in an buɗe, ta saki yarinyar nan take, ta kwashe 'ya'yanta ta bar gidan, kada ta sake shiga jikin ɗan Adam. Ya sa ta rantse, ta rantse.

"Kafin jan nan na sama ya ɓace," in ji ta. "Na biyun ma muryarsa ta yi ƙasa."

Magini bai san inda yayarsa take ba, kwana huɗu bai tambaya ba. Matarsa ce ta sani, don a ɓoye take aika mata abinci. Tana bayan kasuwa, a ɗakin wata tsohuwar ƙawarta mai wanki da guga. Ya fita da gudu, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, yana ture mutanen da ke fitowa daga masallaci. Ya same ta zaune tana ninke kayan mutane. Ya zube a ƙofar ɗakin, numfashi ya hana shi magana, da maganar ta zo kuma ta zo a hargitse, yana haɗa rariya da maciji da neman gafara.

Gwaggo ba ta dube shi ba. Ta gama ninke rigar da ke hannunta.

"Ta sha ruwa?"

"A'a, Yaya."

Ta jawo mayafinta.

Da suka iso, saura ɗan ja kaɗan a gefen sama. Malam ya sa magini ya tsaya can bakin ƙofar gida, ya juya baya. Gwaggo ta ɗauko kwanon silba inda ya lotse a lungu, ta cika shi, ta ajiye, sannan ta ɗauki gudumar ƙanenta da hannu biyu. Gudumar ta yi mata nauyi. Ta daka, simintin ko gezau. Ta sake dakawa. Magini yana tsaye yana jin kowane bugu a bayansa, ya san kaurin abin da ya zuba, ya san bai yi ha'inci ko na cokali ɗaya ba, kuma bai taɓa tsanar kyawun aikinsa ba sai yau.

"Yaya, ta hagu!" ya yi kira, yana kuka. "Ta ƙasa, gefen hagu, nan ne bai kama sosai ba!"

A bugu na tara simintin ya tsage. Ta sa yatsu ta ɓamɓare, farcenta yana jini. Wata iska mai sanyi ta fito daga ramin, mai warin ƙasar da ta daɗe a rufe. Ba wanda ya ga komai. Amma duk sun ji sautin lasar ruwa, harshe biyu, da sauri, kuma suna kallo ruwan kwanon ya yi ta sauka har ya ƙare. Gwaggo ta sake cikawa, ya sake ƙarewa. Sannan ta zura hannu cikin ramin har kafaɗa, ta ɗauko wani abu ɗan mitsitsi, ta naɗe shi a bakin mayafinta ba ta nuna wa kowa ba, ta miƙa wa Malam da hannu biyu. Ya karɓa kamar yadda ake karɓar jariri.

Jikin Auta ya saki, ta koma cinyar uwarta. Ta buɗe ido.

"Umma," in ji ta, da muryarta. "Ruwa."

Cokalin farko ya wuce. Uwar ta ga maƙogwaron ya motsa, ta fashe da kukan da ta kwana uku tana riƙewa.

Gwaggo ta zauna mako guda tana jinyar yarinyar. Tana amsa gaisuwar ƙanenta, ba ta ƙarawa. Littafin yana can inda aka jefar da shi a asibiti, ba wanda ya koma nema. Masu mafarki suka fara dawowa, magini yana ba su haƙuri a bakin ƙofa.

A yamma ta takwas Auta ta fito da ƙafarta, ta zauna kusa da bencin.

"Baba, na yi mafarki."

Ya gyara zama. Bai tambayi wace dabba ce ba.

"Faɗi duka," in ji shi. "Ina ji."

"Kyanwar ce, da 'ya'ya biyu, suna fita ta ƙofar gida. Ta tsaya ta waiwayi bangon, ta daɗe, sannan ta wuce. Gwaggo ce ta riƙe musu ƙofa. Da ƙullin kayanta a ka."

Wannan karon bai nemi ma'ana ba. Ya tashi ya nufi ɗakin yayarsa. Ta share shi tas, ta naɗe tabarma, tana ɗaure bakin zanin da ta zuba kayanta. Ya zauna a bakin ƙofar, ya cika ta da jikinsa.

"Yaya, ki yi min rai. Nan ne gidanki."

Ta ɗora ƙullin a ka, ta tsaya a gabansa.

"Na yafe maka, tun a ɗakin guga. Amma ido ya riga ya ga yadda ka dube ni ran nan, kuma kullum na gan ka sai na sake gani." Ta gyara mayafinta. "Har yanzu ba ka daina toshe hanya ba?"

Ya daɗe a zaune. Sannan ya matsa gefe.

A bakin ƙofar gida ta rungume Auta, ta ce ta riƙa zuwa bayan kasuwa tana ganinta, ta kuma ce kada a bar kwanon nan ya kwana ba ruwa, don ba a san wanda zai zo wucewa ba. Da inuwa ta rufe famfo, magini ne ya ɗauki kwanon ya cika, ya kai gindin bango ya ajiye kusa da ramin da ya bari a buɗe. Da safe ya je ya duba, ya tarar da ruwan yadda ya bar shi.